Injin Niƙan Babana

Ina goye aka kawo injin niƙa ƙauyenmu, saboda haka farkon labarinsa daga bakin Inna na ji shi. Ƙauyen namu yana ƙasar Malumfashi, can cikin lungu. In ka sauka daga mota a Ƙarfi, sai ka sake yankar gonaki kafin ka hango rimayenmu. A wancan zamani Baba yana aiki a Funtua, a wani kamfanin gurzar auduga, cikin masu kula da injuna. Da zaman bariki ya ishe shi, sai ya haɗa ɗan abin da ya tara ya sayi wani tsohon inji mai shan man gas, ya ce gida zai koma.

Babbar mota ta sauke masa shi a bakin titi ta yi gaba. Ƙarshen damina ne, hanyar ƙauye duk taɓo. Inna ta ce ya daɗe zaune a kan ƙarfen yana tunanin yadda zai yi, sai ga wani Bamaguje da keken shanunsa ya dawo daga kai kaya kasuwa. Mutumin ya tsaya, ya zagaya injin, ya tambaya ko mene ne wannan. Baba ya ce abin da zai hutar da mata niƙa ne. Mutumin ya yi dariya, ya ce in dai haka ne to a ɗora, don matan gidansa ma sun gaji. Da yamma lis suka shigo gari, su da shanun duk sun yi futu-futu da laka. Daga ranar suka ƙulla abota. Ni da yayana Kawu muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa dangi ba, ba mu kuma haɗa addini ba.

Baba ya gina wa injin ɗaki a jikin katangar gidanmu, ƙofa ɗaya tana kallon hanya, wata 'yar ƙarama tana buɗewa cikin gida. Amma da farko mutanen gari ba su zo ba. Tsofaffin mata suka ce garin inji ƙarnin ƙarfe yake yi, tuwonsa kuma ba ya kwana. Matan unguwar su Kawu ne suka fara zuwa, domin su suna noma, sukan dawo daga gona a gajiye su tarar dutsen niƙa na jiransu. Sai da matan garinmu suka yi ta ganin su suna wucewa da ƙorai cike da gari tun rana ba ta yi zafi ba, sannan aka fara aiko yara da 'yar dawa, wai a gwada.

Abu ɗaya Baba ya gaya wa Kawu tun farko: ba zai niƙa tsiron dawar da suke dafa giya da shi ba. Kawu ya ce, "Kada ka damu, abokina. Wannan ko ka yarda ma ba za mu ba ƙarfe ba." Maganar ba ta sake tasowa tsakaninsu ba.

Na yi wayo na tarar da injin ya zama agogon gari. In ya tashi da hantsi, manomi a gona ya san lokacin fura ya kusa. Layin ƙorai da kwanuka kan fito daga ƙofa har gindin dalbejiyar da ke waje, kowace ƙwarya da alamarta, wata an ɗaura mata tsumma, wata an ɗora mata kara. Baba ba ya rikita na wani da na wani. Yakan fito da azahar fari fat tun daga hula har gira, Inna ta tsaya da tsintsiyar laushi tana kakkaɓe shi a tsakar gida kafin ya yi alwala.

Ba mu lura da lokacin da jinsa ya fara raguwa ba. Da farko cewa muke yi bai kula ba ne. Sai Inna ta kira shi daga ɗaki ya yi shiru, sai ta fito ta taɓa kafaɗarsa. Daga baya a masallaci ya koma sahun farko, dab da liman, yana satar kallon na kusa da shi don ya san lokacin ruku'u. An taɓa kai shi asibiti a Malumfashi, aka ce ƙarar inji ce, ya rage zama kusa da shi. Ya ce to. Washegari ya tayar da injinsa.

Ni kuwa karatu ya ɗauke ni daga gida. Na yi makarantar horon malamai, na yi aure a Funtua, ina koyarwa a wata firamare. Yayana ya tafi Kaduna ya kama sana'a. Inna ta rasu ina can. Bayanta da 'yan shekaru mijina ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka da na fita takaba babu abin da ya riƙe ni a gidan. Na ɗaure kayana na koma ƙauye, da niyyar in ɗan huta in dawo bakin aiki.

Da na iso, injin na aiki. Na tsaya a ƙofa na yi sallama har na gaji, Baba na duƙe yana tara gari, bayansa ya ranƙwafa fiye da yadda na san shi. Sai da inuwata ta faɗa a kan kwanon sannan ya ɗago. Ya kashe injin, abin da ba ya yi in akwai layi.

"Uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Kin zo?"

Na ce, "Na zo, Baba. Kuna lafiya?"

Ya kalli bakina, ya gyaɗa kai, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ci."

A nan na gane ba ya ji ko kaɗan. Na shiga cikin gida na ga murhu ya daɗe ba a hura shi ba, ɗakin Inna a rufe, wata maƙwabciya ce take aiko masa da tuwo in ta tuna. Ban koma Funtua ba.

Haka muka raba aikin ba tare da mun zauna mun tsara ba. Shi ne mai tayar da inji. Yakan zura ƙarfen murɗawa, ya tattare rigarsa, ya yi bisimilla, ya yi ta juyawa har babbar tayar ta ɗauki gudu, injin ya yi tari ya tofar da baƙin hayaƙi ya kama. Ni ce mai zuba hatsi da karɓar saƙo, domin ba ya jin wanda ya ce ɓarza yake so, ko wadda ta ce a yi mata laushi na ɗanwake. Ni ce kuma kunnensa. In na ji sautin injin ya sauya, sai in taɓa shi in nuna wajen. Shi kuma ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen, ya lumshe ido, ya ce bel ne ya saki, ko ruwan duron da ke sanyaya injin ya yi zafi a sauya.

Zuwana ya sa matan aure suka fara shigowa da kansu ta ƙaramar ƙofar nan ta cikin gida. Sukan zauna a kan tabarma su jira, amma ba a hira in inji na aiki, sai dai a yi ta nuni da hannu. Da an kashe kuma kowa ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce ta bar yara, ta bar tukunya a wuta. Ina cikin mutane wuni guda, amma in na lissafa maganar da na yi ba ta wuce gaisuwa ba. Da yamma mu ci tuwo ni da Baba, shi a kan buzunsa, ni a bakin ƙofar ɗaki. Kunnuwana kan yi ta ƙugi har bayan magariba. Wani lokaci nakan ba shi labari haka nan, in faɗi abin da na gani a Funtua, ko abin da na tuna game da mijina, alhali na san ba ya ji. In ya ga bakina na motsi sai ya ce, "Haka ne, Uwata."

Ranar da gidan ke yin rai ita ce ranar da Kawu ya zo. Shi ma ya tsufa, ya bar keken shanu ga 'ya'yansa, da sanda yake tahowa. Yakan kifa wani tsohon turmi a gindin dalbejiya ya zauna, Baba ya fito ya zauna kusa da shi. Abin mamaki, shi kaɗai Baba ke gane maganarsa sosai. Ba ya ɗaga murya, sai dai ya juyo su fuskanci juna, ya yi magana a hankali, Baba ya kalli bakinsa ya fashe da dariya. Na taɓa tambayarsa yadda yake yi.

Ya ce, "'Yar abokina, ai labaran duk ya san su. Farkon kawai nake tuna masa."

A shekarun nan ne wani mutumin Bakori mai sayen masara ya fara tsayawa wajenmu. Dattijo ne mai natsuwa, matarsa ta rasu. Yakan kawo 'yar masara wai a ɓarza masa, ko da yake na san akwai injuna a garinsu. Da ya fito da maganarsa ta aure, ya ce Bakori zai kai ni. Na ce ya ba ni lokaci. Kawu ne ya sanar da Baba.

Ranar da yamma Baba ya ce, "Uwata, ki tafi. Ni na saba."

Na girgiza kai.

Ya ce, "Ba don ni aka haife ki ba."

Na nuna injin, na nuna kunnena. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya shiga ɗaki. Mutumin ya jira damina ɗaya, ya sake zuwa, na sake cewa ya ƙara haƙuri. Bayan kaka na ji ya yi aure. Ban ga laifinsa ba. Amma na daɗe, in na ji tsayuwar mota a bakin hanya, sai na ɗaga kai.

Kawu ya rasu da bazara, ana gab da shuka. Ɗansa ne ya zo ya durƙusa ya faɗa mini, ni kuma na rasa yadda zan faɗa wa Baba. Na kama hannunsa na kai shi gindin dalbejiya, na nuna turmin, na kwantar da tafin hannuna. Ya gane. Ya sa babbar rigarsa, muka bi ɗan har unguwarsu. Suna ta kiɗe-kiɗensu na rakiyar tsoho kamar yadda suka gada. Baba bai shiga cikin taron ba, ya zauna nesa kaɗan a gindin wata ɗorawa har aka gama. A hanyar dawowa ya ce mini ya ji gangar a ƙirjinsa. Muka yi tafiya mai nisa, sannan ya ce, "Yanzu saura wa zan yi hira da shi?" Ba ni yake tambaya ba, don bai kalle ni ba.

Kasuwar injin kuwa dama ta fara ja da baya. Samari sun sayo ƙananan injuna masu shan fetur, waɗanda ake ɗauka a kai har ƙofar gida. Babura sun yi yawa, mutum ya ɗaure buhunsa a kai Ƙarfi a niƙa da na lantarki a dawo kafin azahar. Man gas ya yi tsadar da in muka tayar da inji don kwano biyu, asara ce. Farantan niƙan sun cinye, yayana ya zagaya kasuwannin Kaduna bai sami irinsu ba, aka ce an daina yi. Sai muka koma tara niƙa, sai ya taru a tayar. Daga nan kuma tsoro ya shigo yankin. Ba a taɓa shiga ƙauyenmu ba, amma labarin ɓarayin daji ya yi ta matsowa, gidaje suka fara kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya, wasu Malumfashi, wasu Funtua. Maƙwabciyar da take aiko wa Baba tuwo ma ta zo ta yi mana sallama.

Ranar ƙarshe ba mu san ita ce ta ƙarshe ba. Wata tsohuwar Bafulatana ce ta zo daga ruga da gero a ƙwarya, ta ce jikarta ta haihu, kunu za a dama. Baba ya ce ko don ita kaɗai a tayar. Ya zura ƙarfen, ya yi bisimilla, ya juya. Tayar ta zagaya a hankali ta tsaya. Ya huta ya sake. A karo na gaba na ga numfashinsa na fita da ƙyar. Na karɓa na gwada, na juya iya ƙarfina, injin ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Baba ya zauna a kan buhu, ya zuba hannuwansa a kan gwiwa yana kallon su.

Tsohuwar ta ce, "Bari, Malama, kada ku wahala. In tafi da abina."

Na ce ta zauna. Na shiga gida na jawo turmi da taɓaryar Inna, na surfa geron, na wanke, na daka mata. Na daɗe rabona da daka, tafin hannuna ya yi bororo. Tana zaune tana ba ni labarin jaririn, ta ce da kakansa yake kama. Da ta tafi na leƙa ɗakin inji, na tarar Baba ya goge shi tas da tsumma, ya lulluɓe shi da tabarma.

Bayan kaka yayana ya zo ya ce zaman ya isa haka, ya kama mana ɗaki biyu a Funtua kusa da wani amininsa. Ya ce ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, za su zo su kwashe injin. Na zaci Baba zai ƙi. Da aka fahimtar da shi, sai ya ce ya yarda, amma shi zai kwance abinsa.

"Su da guduma za su zo," in ji shi. "Ba a yi masa haka."

Kwanaki ya yi yana kwancewa. Kowane noti sai ya jiƙa shi da mai ya bar shi ya sha, sannan ya murɗa. Ya shimfiɗa buhuna a ƙasa, ya jera sassan bi da bi yadda suke a jikin injin, kamar wani zai zo ya sake haɗawa. Ni nake miƙa masa sifana. Da masu sayen suka zo da motarsu, suka yi ta jefa ƙarafan a baya, manya da ƙanana a cakuɗe. Baba bai tsaya kallo ba. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, ko da yake lokacin salla da saura.

A Funtua bai daɗe ba. Yakan zauna a ƙofar gida a kan benci yana kallon masu wucewa, in an gaishe shi ya ɗaga hannu. Garin da ya yi ƙuruciyarsa a ciki ne, amma babu wanda ya san shi. Ya ga damina ɗaya, ya rasu da safe bayan ya sha kunu. Ni na koma koyarwa a wata makarantar kuɗi ta unguwa, ina nan a ɗakin da yayana ya kama.

Bara, da hankali ya ɗan kwanta, na je ƙauyen. Wasu sun dawo, wasu baƙi ne da suka taso daga garuruwan da suka fi namu shan wuya. Yayana ya ba wa wasu irin waɗannan aron gidanmu, ban taɓa ganin su ba. Rufin ɗakin injin babu, iska ta yaye kwanon, bango ɗaya ya zube. Abin da ya rage shi ne dakalin sumuntin da injin ya zauna a kai, da ƙusoshin ƙarfe tsaye a jikinsa. Wata matashiyar mata da goyo ta shanya yankakkiyar kuɓewa a kai.

Na yi sallama, ta amsa da fara'a, ta kawo mini ruwa a kofin roba. Na matsa kusa da dakalin.

Ta ce, "Hajiya, ki kula da ƙarafan nan, suna yaga zane. Maigidana ya yi ya yi ya cire su, sun ƙi. Ban san me aka yi da wurin ba."

Na ce, "Injin niƙa ne a da."

"A nan?" Ta waiga ta dubi kangon. "Ikon Allah. Da yana nan da mun huta."

Ta tambaye ni daga ina, na ce daga Funtua. Ta ce ko wani nake nema a garin. Na yi ɗan tunani, na ce a'a, wucewa ce kawai. Yaron da ke bayanta ya fara kuka, ta ce in yi haƙuri za ta shiga ta ba shi nono. Kafin ta shiga ta ɗebi busasshiyar kuɓewa ta ƙulle mini a leda, ta ce ba a zuwa gidan mutum a koma hannu sake. Na karɓa na yi godiya.

Mai babur ɗin da ya kawo ni ya ce zai je ya dawo. Na fita bakin hanya na tsaya jiransa, ledar a hannuna. Wasu mata biyu suka wuce da itace a ka, muka gaisa, ban san su ba.